Daga Raka'a Biyu Zuwa Huɗu

  

Ya ɗan'uwa mai karatu, a mako na biyu da tarewarmu a ɗan gidan da Allah Ya hore mini na gina a unguwar Runjin Sambo, cikin garin Sakkwato, ruwan sama ya hana ni fita masallaci, sai na shige gaba domin in ja iyalina sallar La'asar. Na kawo raka'a biyu, na zauna na yi tahiya, na sallame hankalina kwance, har na miƙa hannu zan ɗauko carbi. Can sai na ji babban ɗana daga baya yana ta maimaita tasbihi, muryarsa na rawa saboda nauyin ya ce wa mahaifinsa ya yi kuskure. Nan take na gane abin da ya faru. Muka cika sauran raka'o'in biyu, na yi sujadar ba'adi, muka shafa addu'a, babu wanda ya ce uffan. Amma ni na daɗe zaune a kan buzun nan. Sai a ranar na fahimci cewa kayana ne kawai suka tare a gidan, jikina kuwa yana can bisa hanya.

Shekara 15 na yi ina tuƙin tirela, daga 2007 zuwa 2022. Mafi yawan lodinmu albasa ce daga yankin Sakkwato da Kabi zuwa kasuwar Mile 12 da ke Legas, wani lokaci kuma shanu, a dawo da duk abin da kamasho ya samo. Hanyar nan ta Jega, Koko, Yawuri, Kwantagora, Tegina, Mokwa, gadar Jebba, Ilori, har Ibadan, tafiyar kimanin kilomita 1,000, na san ramukanta fiye da yadda na san fuskokin 'ya'yan ƙannena. Iyalina suna zaune a ɗaki ɗaya a gidanmu na gado a cikin gari. A wata guda, in na kwana uku tare da su to an yi sa'a. Gidana na haƙiƙa shi ne kan motar. Akwai ɗan gado a bayan kujera, akwai buta da darduma da risho da 'yar tukunya, akwai jakar da nake ajiye Alƙur'ani da tsohuwar Risalata tun ta makarantar zaure. A nan nake barci, a nan nake jinya in zazzaɓi ya kama ni, a nan na yi ƙaramar Salla ba sau ɗaya ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan magana shi ne, kwanan baya wani matashi ɗan unguwarmu, ɗalibi a jami'a, ya nuna mini bidiyo a wayarsa na waɗansu mutanen Amurka da suka sayar da gidajensu suka koma zama cikin mota mai ɗaki da bayi da madafa, yau suna bakin teku, gobe suna gindin dutse. Idanunsa har ƙyalli suke yi. Ya ce, "Baba Direba, wallahi wannan ita ce rayuwa. Ba mai haya, ba maƙwabci, ba mai sa maka ido." Na yi dariya kawai. Daga baya na ga dariya ba ta wadatar ba, domin na lura wannan sha'awa ta yi yawa a zukatan samarinmu, ko da kuwa ba ta mota mai ɗaki ba ce: sha'awar rayuwar da babu wanda ya san ka balle ya tambaye ka. Su kansu mutanen Amurkar, ba duka ne suka zaɓi hakan don nishaɗi ba. Wata 'yar jarida mai suna Jessica Bruder ta bi sawunsu ta rubuta littafi mai suna Nomadland a 2017, aka mai da shi fim a 2020, har ya ci kyautar Oscar a 2021, kuma da yawa daga cikin waɗanda ta rubuta labarinsu dattawa ne da karayar tattalin arziki ta 2008 ta raba da gidajensu, suna bin aikin ƙodago daga jiha zuwa jiha. Wannan ai ci-rani ne, sai dai na masu taya huɗu.

Malamanmu na fiƙihu ba su bar irin wannan rayuwa ba tare da hukunci ba, duk da cewa a zamaninsu babu mota. A mazhabar Imamu Malik, wadda a kanta muka tashi, wanda ya nufi tafiyar halal mai nisan mil 48, wato kilomita 80 da ɗoriya, sunna ce mai ƙarfi a gare shi ya yi ƙasaru, ya mai da Azahar da La'asar da Isha'i raka'a bibbiyu. Zai ci gaba da haka har sai ya shiga garinsu, ko garin da matarsa take, ko kuma ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku a wani wuri, wato gwargwadon salla 20. An yi masa rangwamen haɗa salla biyu, an yarje masa ya ajiye azumi ya rama daga baya, kuma Juma'a ba ta wajaba a kansa ba. Wanda ya karanta Muhtasar na Shaihu Halil zai tuna cewa har matuƙin jirgin ruwan da ke yawo da iyalinsa a cikin jirgin an ambata, aka ce shi ma yana ƙasaru, alhali Hambalawa suna ganin irin wannan mutum ya cika, tunda jirgin ya zama gidansa. To amma a wannan babi dai aka fitar da mutum biyu: mai gararamba wanda bai nufi ko'ina ba, da makiyayin da ke bin ciyawa duk inda ya same ta. Waɗannan ba su da ƙasaru sai in sun san lalle za su shafe wancan nisa kafin su tsaya. Ka ga ke nan shari'a tana yi wa mai manufa sauƙi ne, yawo don yawo kuwa ba ta ba shi ko raka'a ɗaya ba.

Ni ina cikin masu manufa, don haka ƙasaruna halal ne, ban taɓa shakkar wannan ba. Inda gizo ke saƙar shi ne, rangwamen da aka yi domin kwana biyar ko goma, ni na zauna a cikinsa shekara 15, har ya zame mini hali. Kuma bai tsaya a kan salla ba. Sannu a hankali na fara yi wa kowane haƙƙi ƙasaru. Zumunci ya koma gaisuwar waya. Ta'aziyya ta koma saƙo ta bakin ƙane. Tarbiyyar 'ya'ya ta koma tsarabar burodi da lemo da tambaya ɗaya tak, "Kuna dai zuwa Islamiyya ko?" Babu littafin da ya ba ni wannan rangwame, ni na ba kaina, kuma jama'a suka taya ni da cewa, "Ai yana kan hanya." Wannan kalma ta rufa mini asiri fiye da yadda na cancanta.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Mutumin da zai kwana ɗaya a gari ba shi da wahalar zama mutumin kirki. A tashoshin Mokwa da Tegina an san ni da fara'a da kyauta, mai shayi yana murna in ya hango motata, almajirai suna rugowa. In wani ya ɓata mini rai, ba na buƙatar haƙuri mai tsawo, domin da asuba zan tayar da mota, kafin in dawo kowa ya manta. Na ɗauka ni mai haƙuri ne. Ashe ban taɓa zama da mutum ɗaya tsawon lokacin da za a gwada haƙurin ba.

Mu da muke zaune a Sakkwato bai kamata wannan darasi ya zame mana baƙo ba, domin garin nan kansa mutanen da suka gaji da tafiya ne suka raya shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙansa, tun kafin jihadi ya yi yawon wa'azi a ƙasar Kabi, ya kuma yi kimanin shekara 5 a Zamfara. A watan Fabrairun 1804 ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu tare da jama'arsa, da mata da yara da littattafai. 'Yarsa Nana Asma'u a lokacin ba ta wuce shekara 11 ba. Daga nan zama wuri ɗaya ya ƙare musu. Aka yi Tafkin Kwatto a tsakiyar shekarar, aka sha wuya a Tsuntsuwa a ƙarshenta, inda mahaddata Alƙur'ani masu yawa suka yi shahada, ga yunwa ga cuta. Suka gangara Sabon Gari a ƙasar Zamfara, daga can suka koma Gwandu a 1805. Sai da Alƙalawa ta faɗi a 1808 kafin hankali ya fara kwanciya. A 1809 Muhammadu Bello ya fara gina Sakkwato. Shehu ya zauna Sifawa na waɗansu shekaru, bai tare a Sakkwato ba sai 1815, kuma shekara 2 kacal ya yi a cikinta Allah Ya karɓi ransa a watan Afrilun 1817. Wanda ya je Hubbare ziyara ya tuna cewa mai wannan kabari ya fi daɗewa a kan hanya fiye da yadda ya daɗe a garin da ake jingina masa.

Abin lura a nan, wanda ni dai ban taɓa jin an tsaya a kansa a wa'azin masallaci ba, shi ne lokacin da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya fi shiga damuwa game da jama'a. Bai bar su a ranar Tsuntsuwa ba, bai bar su a kwanakin yunwa ba. Sai a 1807, bayan an sami mazauni a Gwandu, nasara ta fara zuwa, dukiya ta fara shigowa, ya ga son mulki da dawaki da manyan riguna ya fara cin zukatan mutane, ya fice da nufin tafiya Gabas. Mutanen Kano suka tare shi, ya zauna da su ya karantar, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami a kan yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a, daga bisani ya koma gida. Ina yawan tunanin wannan tafiya tasa. Mutum ne da ya ga cewa riƙe gaskiya a zaune ya fi riƙe ta a kan doki wuya, har zuciyarsa ta raya masa ya koma hanya. Amma ya dawo, ya zauna a Gwandu da mutanen nan da halinsu, yana hukunci yana rubutu har ƙarshen rayuwarsa.

Shi kuwa Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a shekara 20 da ya yi yana mulki, daga 1817 zuwa 1837, babban aikinsa zaunar da mutane ne. Ya kafa garuruwan ribaɗi a bakin iyaka, mafi shahara a cikinsu Wurno, inda ya zauna kuma a can kabarinsa yake. Ya kwaɗaitar da Fulani makiyaya su zauna a gefen waɗannan garuruwa, a ba su malamai, su yi noma da sana'a. Babu shakka akwai dabarar tsaro a ciki, kuma ba ina cewa imanin mai bin shanu bai kai na mai zaure ba, Allah Ya tsare ni da faɗin haka. Sai dai akwai ɓangarori na addini da ba sa tsayuwa sai da zama. A mazhabarmu Juma'a ba ta inganta sai a wurin da mutane suka riƙa a matsayin mazauni na dindindin, ko da bukkoki ne, ban da tantunan da ake naɗewa a tashi, kuma sai da mutum 12 mazauna wurin ban da liman. Haka makaranta, haka alƙalanci, haka sanin wane ne maraya a unguwa da wace ce gwauruwar da ba ta ɗora tukunya ba. Ita ma Nana Asma'u sai bayan an zauna ta sami damar tsara 'Yan Taru, jajis suna zuwa daga ƙauyuka suna ɗaukar karatu suna mayar wa mata.

Na san wani zai kawo mini hadisin Abdullahi ɗan Umar da ke cikin Arba'una Hadisi, wanda ke kwaɗaitar da mumini ya ɗauki kansa tamkar baƙo a duniya. Ni ma na sha kafa hujja da shi a majalisar direbobi, ina jin kaina wani zahidi saboda duk abin da na mallaka yana shiga jaka biyu. To amma wanda ya faɗi hadisin, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da ya isa Madina a shekarar 622 bai zauna da kayansa a ɗaure ba. Ya sauka a gidan Abu Ayyubal Ansari, aka sayi fili, aka gina masallaci da ɗakunan iyalinsa, shi da kansa yana ɗaukar tubali, ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansaru. Baƙuncin da ake nufi a zuciya yake. Na ga direban da ba shi da ko tabarma amma zai iya kashe yaron motarsa da duka a kan naira 500, na kuma ga mai gidan sama da duniya ba ta dame shi ba.

Abin da ya juya ni ba wa'azi ba ne. A watan Fabrairun 2021, bayan rikicin kasuwar Shasha a Ibadan, dillalan abinci da na shanu suka dakatar da kai kaya Kudu na kimanin mako guda. Muka ajiye motoci. A karo na farko cikin shekaru na kwana bakwai a jere tare da iyalina. A rana ta biyar, 'yar autata, mai shekara 4 a lokacin, ta zo ta dafa gwiwata ta ce, "Baba, yaushe za ka koma gidanku?" Uwarta ta daka mata tsawa, manyan suka yi dariya, ni ma na yi. Amma yarinyar ba ta yi ƙarya ba. A iya saninta, ni wani baƙo ne mai kirki da ke zuwa da tsaraba, wanda gidansa ke da taya 18.

Ina da fuloti a Runjin Sambo da na saya tun da daɗewa na bar shi ciyawa na ci. Sunan unguwar ma yana nuna asalinta, domin runji, ko rinji a bakin mutanen Gabas, ƙauyen gona ne a bayan gari, ga shi yau gari ya haɗiye ta. Daga wannan wata na fara tara bulo. Ginin ya ci shekara ɗaya da rabi, ya tsaya a linta wata huɗu saboda tsadar siminti, na sayar da rabona na motar kafin a buga kwano. Ɗaki uku ne da zaure, ko filasta ba a gama ba muka shiga a daminar 2022. Yanzu ina da ɗan shagon kayan gyaran mota, abin da nake samu bai kai rabin na da ba.

An ce zo mu zauna, zo mu saɓa. Ba mu cika wata biyu ba rigima ta tashi tsakanina da maƙwabcina na gabas a kan kwata. Magini ya karkata bakin magudanar gidana, ruwan wanke-wanke yana kwanciya a gindin katangarsa. Ya yi mini magana cikin ladabi sau biyu, na ce za a duba. A na uku ya ɗaga murya, ni ma na ɗaga, har na faɗi maganar da ba ta dace da mai furfura ba. Da dare na kwanta ina jin abin da na saba ji a tasha, wato gobe da asuba zan tashi in bar masa wurin. Sai na tuna babu inda za ni. Da asubar kuwa a sahu ɗaya muka tsaya, kafaɗata na gogar tasa. Haka Azahar, haka La'asar. Kwana uku ina salla kusa da mutumin da na zalunta, ina jin hadisin wasiyyar Mala'ika Jibrilu game da maƙwabci yana yi mini yawo a ka, hadisin da na haddace tun ina yaro ban taɓa samun wanda zan aikata shi a kansa ba. A rana ta huɗu na kira magini ya fasa kwatar ya juya ta, na shiga zaurensa na ce, "Alhaji, na yi kuskure, ka yafe mini." Ban taɓa faɗa wa wani namiji wannan kalma ba tun da na girma. Ya ce, "Haba Malam, ai zaman tare ya gaji haka," ya sa aka kawo fura.

Sa-idon nan da matashin ke gudu, na ɗanɗana shi. Na makara sallar Asuba kwana biyu a jere, a na uku liman ya tsaya a ƙofar gida bayan an fito, ya yi sallama ya ce, "Direba, lafiya dai? Mun ga shiru." Raina ya ɗan sosu, ba zan ɓoye ba. Shekara 15 babu wanda ya san ko na yi Asuba a kan lokaci ko sai da rana ta fito a Jebba. Amma da zazzaɓi ya kwantar da ni a bara, wannan sa-idon ne ya cika zaurena da masu dubiya, alhali a da, in na kwanta a bayan kujera, daga ni sai yaron mota da maganin da ya sayo a kemis.

Mafi wuya duka shi ne cikin gida, kuma a nan zan taƙaita domin ba komai ake faɗa ba. Uwargida ta shekara 15 tana yanke shawara ita kaɗai: kuɗin makaranta, asibiti, wanda za a ba bashi da wanda za a hana. Sai ga ni na dawo ina son a tambaye ni kafin a sayi gishiri. Wata rana ta ce mini cikin sanyin murya, "Malam, gidan nan fa ba yau aka fara tafiyar da shi ba." Na yi shiru, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kuwa ko ɗakin ban gama sani ba. Sai da na koyi zama ɗalibi a gidana, in tambayi wane yaro ne ke tsoron duhu, wane ne ba ya cin kuka.

Kada matasa su fahimce ni a karkace. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma neman halal a kan hanya ibada ne. Da direbobi za su ajiye makullai mako biyu, da an ji a tukunyar kowa daga Illela har Legas. Wanda karatu ko abinci ya kira shi nesa, ya tafi, Allah Ya ba da sa'a. Abin da nake ja masa kunne a kai shi ne ya riƙa tambayar kansa lokaci zuwa lokaci, shin har yanzu neman wani abu nake yi, ko kuwa gudun wani abu? Ni na kai shekara biyar ina amsa wannan tambaya da ƙarya, ina cewa sai na ƙara tara kaɗan.

Har gobe hanya tana kirana. Cikin dare, in na ji wata tirela ta sauya giya a kan titi, nakan gane nauyin lodinta daga kukan injin, ƙafata ta dama ta motsa da kanta a ƙarƙashin bargo. Wani tsohon abokin aikina ya kira ni bayan Babbar Sallar da ta wuce, ya ce akwai sabuwar mota tana neman hannu, zuwa uku kawai in yi in huta. Na ce ya ba ni kwana biyu in yi shawara. A daren aka yi rasuwa a bayan layinmu, wani tsoho mai sayar da goro, aka rasa wanda zai je da matasa maƙabarta tun da sassafe a haƙa kabari, mai unguwa ya aiko a kira ni. Muna can har hantsi. Da na dawo na tarar ya kira sau huɗu, na wanke ƙasar hannuna, na kira shi na ce ya ba wani.